Kwatano: Inda mota ke sauka ta bar garantinta a ƙetare

Duk wanda ya tashi a Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi ya saba jin ana cewa "'yar Kwatano". Idan maƙwabci ya shigo unguwa da mota tana sheƙi, tambayar farko ita ce: sabuwa ce dal, ko 'yar Kwatano ce? Wasu su ce tokumbo, wasu su ce Beljiyam, duk ma'anar ɗaya ce: motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a kawo ta nan. Kwatano dai gari ne, birni mafi girma a Jamhuriyar Benin, a bakin Tekun Atlantika. A wannan makon can muka leƙa, da tambaya ɗaya a bakinmu: idan mutum ya kwashe tarinsa na shekaru ya sayi irin wannan mota, ta lalace bayan wata guda, wa zai kama?

Daga Legas zuwa filayen motoci

Daga Mile 2 a Legas muka hau mota, muka bi ta Badagry zuwa iyakar Seme. Tsakanin Legas da Kwatano kimanin kilomita 120 ne, amma shingayen jami'an tsaro sukan mai da tafiyar doguwa. A ofishin iyaka na Seme-Krake, wanda ƙasashen biyu suka buɗe tare a 2018, muka canji naira zuwa sefa. Daga nan allunan hanya suka koma Faransanci, 'yan acaɓa kuma suka fara bayyana cikin riguna ruwan ɗorawa. Zemijan ake kiran su.

Tun kafin a shiga cikin birni, a yankunan Ekpe da Sekandji, ake fara ganin abin da ya kawo mu. Manyan filaye ne masu shinge a gefen titi, kowanne cike da motoci jere-jere a kan rairayi, iya ganinka. Ga Toyota, ga Honda, ga Peugeot, ga Mercedes, wasu da sauran rubutun alli a gilashinsu tun daga inda aka yi gwanjonsu. Yara matasa na yawo da bokiti da tsumma suna wanke ƙura, wasu na ɗauke da batir a kafaɗa domin tayar da motar da ta daɗe a ajiye. Kunnenka zai ji Faransanci, Fon, Yarbanci da Larabcin 'yan Labanan da ke da hannu sosai a harkar. Hausa ma tana nan daram, domin akwai unguwar Zango a birnin, kuma dillalai da direbobi da yawa 'yan Arewa ne da 'yan Nijar.

Wani dattijon dillali daga Zango shi ya yi mana jagora. Ya nuna mana cewa motocin hanya biyu suke biyowa. Na Turai, da yawansu ana tara su ne a unguwar Heyvaert da ke Brussels, a loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, shi ya sa sunan Beljiyam ya bi su ko da a Jamus ko Faransa aka tuƙa su. Na Amurka kuwa, da dama daga wuraren gwanjo irin su Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci. Kasuwar ba ta kai yadda take a da ba. Tun 1 ga Janairu, 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin ruwa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 kuma aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, wadda ayarin motoci ke bi zuwa arewa.

Ɗan littafin da ke cikin mota

A ɗaya daga cikin filayen muka tarar da wani malamin makaranta da ya yi ritaya, ya zo daga Parakou da kuɗin sallamarsa. Burinsa ya sayi motar da ɗansa zai riƙa haya da ita, gida ya samu na cefane. Ya ƙyalla ido kan wata Hyundai, kuma a ƙaramin akwatin da ke gaban kujerar fasinja ya tsinci ɗan littafin garanti da Turanci, an rubuta shekara 10 ɓaro-ɓaro. Fuskarsa ta cika da murna, domin motar ba ta kai wannan shekaru ba.

Kafin mu ji yadda aka ƙare, bari mu fahimci mene ne garanti. Alkawari ne a rubuce da kamfanin da ya ƙera mota ke yi cewa idan wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira, zai gyara kyauta. Alkawarin yana da iyaka biyu, shekaru da nisan tafiya, kuma duk wadda aka fara kaiwa ita ce ke rufe shi. A Amurka, Toyota na ba sabuwar mota garantin shekara 3 ko mil 36,000 a kan kusan komai, sannan shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Mil 60,000 ya kai kusan kilomita 96,500. Idan mai motar ya sayar da ita kafin wa'adin ya cika, ragowar yana bin motar zuwa hannun sabon mai ita.

Hyundai da Kia kuwa a Amurka suna ba da shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, amma ga wanda ya fara sayen motar kaɗai. Da zarar ta canza hannu, sai ya sauko zuwa shekara 5 ko mil 60,000, kuma ana ƙirgawa ne daga ranar da aka fara sayar da ita, ba daga ranar da kai ka saya ba. A Turai, Kia na ba da shekara 7, kuma shi yana bin mota duk hannun da ta shiga. Kun ga ke nan, kamfani ɗaya, alkawari iri biyu, gwargwadon inda aka sayar.

Garantin da ake saye da kuɗi

Akwai kuma abin da ake kira ƙarin garanti. Wannan ba kyauta ba ne, yarjejeniyar gyara ce da mutum ke biya daban, ko a wurin kamfanin motar ko a wurin wani kamfani na dabam, domin ta rufa masa asiri bayan garantin farko ya ƙare. Iri-iri ne. Wani inji da giya kawai ya ɗauka. Wani yana lissafa sassan da ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, duk abin da babu a jerin babu ruwansa. Mafi tsada shi ne mai ɗaukar komai, ban da abin da aka cire da suna. Kusan dukkansu ba sa biyan abin da ke cinyewa da amfani, kamar taya, takalmin birki da man inji. Galibi sai mai mota ya biya wani ƙayyadadden kuɗi daga aljihunsa a kowane gyara, kuma sai ya nuna rasit cewa yana juye a kan lokaci.

Shin wannan yana bin mota idan an sayar? Sau da yawa yana bi, amma ba da kansa ba. Sai an cike takarda, an biya ɗan kuɗin canjin suna, an aika cikin gajeren wa'adi, galibi kamar kwana 30 bayan ciniki. Yawancin yarjejeniyoyin sun yarda da haka ne idan mutum ya sayar wa mutum kai tsaye. Idan motar ta bi ta hannun dila ko wurin gwanjo, magana ta ƙare. Mai motar na farko ma yana iya soke yarjejeniyar ya karɓi ragowar kuɗinsa, ya bar takardar a cikin mota kamar fankon ashana.

Sai babban shingen, wato teku. Garantin motar da aka sayar a Amurka yana aiki ne a Amurka da wasu ƙasashe ƙalilan da takardar ta ambata, a garejin da kamfani ya amince da shi. Haka na Turai yake. Idan kuma kamfanin inshora ya riga ya yanke cewa motar ta tashi aiki, aka yi mata takardar da ke nuna haka, kamfanoni sukan soke garantin gaba ɗaya. Saboda haka littafin da malamin nan ya tsinta ya sha kaye sau biyu: shi ba mai saye na farko ba ne, kuma Kwatano ba Amurka ba ce.

Jagoranmu bai ɓoye masa ba. Ya ce, "Malam, wannan takarda a can ta yi aikinta. A nan garantinka idonka ne da kunnen bakanikenka."

Malamin ya yi shiru, sannan ya ce, "To Alhaji, a kira min bakaniken, kada mu yi cinikin biri a sama."

Abin da ya maye gurbin takarda

Mun tsaya mun ga yadda ake binciken. Bakaniken ya dage sai an tayar da injin yana sanyi, domin inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Ya duba launin hayaƙi, ya zaro sandar gwada mai ya murza tsakanin yatsunsa. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa yana neman laka da tsatsa, alamar motar da ruwa ya ci. Ya bi jikin motar da ido yana neman inda fenti ya bambanta. Daga nan ya jona 'yar na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari ya karanta abin da kwamfutar motar ta adana. Ya gano matsala a giya. Da wannan hujja malamin ya fasa, ya koma kan wata tsohuwar Toyota da ba ta kai waccan kyau ba, amma injinta lafiya lau, kayan gyaranta kuma akwai su a kowace kasuwa. Har ya ware wani abu daga kuɗin ya ajiye domin gyaran da ka iya tasowa. Wannan ajiya ita ce ƙarin garantinsa.

A ƙasashen da motocin suka fito, doka ce ke yin wani ɓangare na wannan aiki. Tun 1985 dokar Amurka ta wajabta wa dilolin tsofaffin motoci manna takarda a jikin mota da ke faɗin ko akwai garanti ko kuwa "yadda ka gan ta haka ka saya". A Beljiyam, dilan da ya sayar wa mutum tsohuwar mota dole ya tsaya mata aƙalla shekara 1, kuma tun 2006 akwai takardar Car-Pass mai nuna tarihin kilomitar mota, domin maganin masu mai da mita baya. A filayen Kwatano abin da ya fi aiki shi ne tsarin da muka sani a kasuwar kara: dillali ya tsaya a tsakiya, ya karɓi la'ada, sunansa ya zama jingina. Tsari ne mai amfani, amma iyakarsa amana. Idan dillalin ya ɓace, babu takardar da za ka kai gaban alƙali.

Idan mota ta iso gida

Garanti daban, inshora daban. Garanti na lalacewar da ta fito daga ƙira ne, inshora kuwa ta haɗari ce. A Najeriya doka ta tilasta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, kuma tun Janairu 2023 kuɗinta ga motar gida naira 15,000 ne a shekara. Da sunan mai mota ake yin ta, saboda haka wanda ya sayi mota hannu na biyu ya kamata ya yi canjin suna a takardu, ya yanki tasa inshorar. Ya kuma tabbata takardun kwastam na gaske ne, domin motar da aka yi fasa-ƙwaurinta ana iya kama ta ko bayan shekaru. Idan kuwa motar tun farko sabuwa aka saye ta a wurin wakilin kamfani a cikin ƙasa, to a je wurinsu da littafin juye, a tambaya ko akwai ragowar garanti, kuma me ake buƙata kafin ya koma sunan sabon mai ita. A nemi amsar a rubuce.

A gidaje da yawa ku ɗalibai ne ake miƙa wa takarda a ce ku karanta. Idan ta garanti ce, ko ta mota, ko ta waya, ko ta janareto, ku nemo amsar tambayoyi biyar: wa ya yi alkawarin, me ya ɗauka kuma me ya cire, yaushe zai ƙare, a wace ƙasa yake aiki, kuma yana bin kayan ne ko yana tsayawa wurin mai saye na farko?

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Kowace mota ta zamani tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kuma babu I, O ko Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Za ku same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ƙofarsa. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, K Koriya ta Kudu, W Jamus, 2 Kanada, 1 da 4 da 5 kuma Amurka. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, na goma yana nuna shekarar ƙira: 5 na nufin 2005, A 2010, F 2015, L 2020. Ku nemi izini ku duba motar gida, ko ta makaranta, ko ta maƙwabci, ku gwada ta da abin da ke rubuce a takardunta, ku gani ko bakinsu ya zo ɗaya.