Tsakanin Safari da Safara

Yaranmu na Agege sun ɗauka "safari" Turanci ne tsantsa, wai yawon kallon namun daji a Kenya. Ai aro ce. Turawan Ingila sun ɗauko ta daga Suwahili a ƙarni na 19, Suwahili kuma daga "safar" ta Larabci, wato tafiya. Can mu ma muka samo "safara", sana'ar da ta kawo kakanninmu nan sayen goro. Yau fa a rediyo ba ma jin ta sai a safarar ƙwaya da safarar mutane. Jama'a, da safara iyayenmu suka ciyar da mu halal. Mu gaya wa 'ya'yanmu asalinta, kada su tashi suna zaton sunan laifi ne.