Ciwon Maƙogwaro Yana Iya Taɓa Zuciya

Hunturu ya kama, kuma duk mun san tsarabarsa a Mai'adua: ƙura, mura da ciwon maƙogwaro. Yawancinmu ba mu ɗauki ciwon maƙogwaro a bakin komai ba. A sha citta da zuma, ko a sayo ƙwaya a kemis, wani ma a kai shi wurin wanzami a cire masa beli.

Amma akwai wani irinsa da ƙwayar cuta mai suna sitireptokokas ke kawowa. Ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, wato mu ke nan. Idan ba a yi maganinsa ba, bayan mako 2 zuwa 3 sojojin jiki da suka fito yaƙar cutar suna iya juyowa kan jikin. Sai zazzaɓi, ciwo ya tashi daga gwiwa ya koma idon sawu. Mafi muni, sukan lalata ƙofofin zuciya masu hana jini komawa baya.

Mun ga haka a ajinmu. Golanmu ya fara haki ko da tafiya kaɗan ya yi, har ya daina zuwa fili. A gida an ɗauka sanyin ƙashi ne. Da aka kai shi Daura, likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ya ji wata ƙara da bai kamata ba. Ya ce kunne kaɗai ba ya yanke hukunci, ya tura shi Katsina.

A can aka gwada jininsa, aka liƙa masa wayoyi a ƙirji suka zana bugun zuciyarsa a takarda. Sannan aka yi masa hoton zuciya da na'ura irin wadda ake duba masu juna biyu. Ita ce ta nuna ƙofa ɗaya tana yoyo. Yanzu duk wata ana yi masa allurar fenisilin, ya dawo aji, amma ƙwallo sai yadda likita ya ce.

Roƙonmu ga iyaye shi ne, yaron da maƙogwaro ya hana shi haɗiyar abinci, ga zazzaɓi, a kai shi asibiti, kuma ya shanye maganin ko ya ji sauƙi. Malamanmu, idan ɗalibi yana haki wajen motsa jiki, a bincika kafin a kira shi rago.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.