Gatari da Igiya a Ƙasar Ɗanbatta

Wanda ya tashi daga Kano da bazara, ya wuce shataletalen Dawanau ya miƙa arewa, itatuwa ne za su cika masa ido. An daɗe da kwashe kara, ƙasa ta yi fari fat, amma kowace gona da bishiyoyinta a tsaye: ɗorawa, tsamiya, kuka, gawo, marke, kanya, ga darbejiya ta zagaye gidaje. Babu daji a wannan yanki, kowane taku na ƙasa da mai shi. Tun daga Kwanar Dumawa na fara lura cewa da wuya ka ga bishiyar da ƙarfe bai taɓa ba. Wata an rage mata gefe guda, wata an sauke mata kai ta sake tofowa, kukoki kuwa duk rassansu dungu-dungu saboda yawan ɗibar ganye.

Masana sun daɗe da lura da haka. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano. A littafin da suka fitar shi da abokan aikinsa a 1990 kan itacen girki, sun nuna cewa duk da yawan jama'a da yawan wutar da birni ke hurawa, itatuwan gonaki ba raguwa suke ba. Manomi yana cin amfanin bishiyarsa ta hanyar rage rassa, ba ya kayar da ita sai dole. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wani ne ke hawa ya yi wannan sara, kuma ba kowa ya iya ba.

Gwaggona ce ta aiko a kira ni. Darbejiyar tsakar gidanta ta miƙa wani ƙaton reshe a kan kwanon ɗaki, ga iskar farkon damina na tafe, wadda kowa ya san ɓarnarta. Na sauka a Ɗanbatta, garin Sarkin Ban Kano, na hau babur zuwa ƙauyen. Da asubar washegari mai saran ya yi sallama. Dattijo ne siriri, tafin hannunsa duk kanta, tare da ɗan ƙanensa. Kayan aikinsu gatari biyu, barandami, magagari, da doguwar igiya da aka ƙulle a wurare da dama.

Bai taɓa bishiyar ba sai da ya zagaye ta a hankali, kansa a sama. Ya ƙwanƙwasa gindin da ƙeyar gatari yana saurare, don itacen da gara ta cinye cikinsa amonsa daban ne. Ya duba ko akwai zuma ko rina, ya duba inda wayar wuta ta bi, ya sa aka kawar da randa da akurkin kaji, aka kora yara waje. Sannan ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya hau.

Ni da nake ƙasa na ɗauka zai nufi gindin reshen ya sare shi gaba ɗaya. Can ƙarshe ya fara, yana sauke ƙananan rassa har nauyi ya ragu. Da ya zo kan mai kauri, sai ya ɗaure shi, ya ratsa igiyar ta saman wani reshe da ya fi tsawo, ya jefo wa yaron. Yaron ya naɗe ta sau biyu a gindin bishiyar ya riƙe bakin. Wannan naɗin ne ke ɗaukar nauyin, shi ya sa yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya sauke gungumen da ya fi shi nauyi, yana sassautawa kaɗan-kaɗan har ya taɓa ƙasa, kwano ko motsi bai yi ba.

Sai na ga ya kwanta a kan reshen yana sara daga ƙasa, wuri mai wuyar kai hannu. Na ɗaga murya na ce, “Baba, ba ta sama ya fi sauƙi ba?”

Ya ce, “Ya fi sauƙi, ɗana, amma in ya karye zai ja ɓawo ya ɗaye jikin uwar har ƙasa. Ta nan ruwa da gara ke shiga.”

Da ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku ta ƙasa, ya koma sama, ɗan gaba kaɗan, reshen ya ɓalle tsaf. Saura dungu. Shi ma akwai ƙa'idarsa. A inda reshe ya haɗu da uwa akwai wani ɗan kumburi da ya zagaye shi. A bakin wannan kumburin ake tsayawa. In aka shafe shi, ciwon ba ya rufewa. In aka bar dungu dogo, ya bushe ya ruɓe, ruɓar ta bi ta ciki. Ya gyara wurin da barandami ya ɗan karkata shi don kada ruwan sama ya kwanta. Ya nuna mini wani tsohon sara da ya yi a jikin bishiyar shekarun baya, ɓawo ya taho ta ko'ina ya kusa haɗewa, kamar yadda fata ke rufe miki. Ya kuma gargaɗi Gwaggo da ladabi: “Hajiya, tofon da zai fito a nan zai yi saurin girma, amma ba shi da riƙo. Kada a bari ya yi kauri a kan ɗakin.”

Da hantsi muka fita gona, don akwai ɗorawar gado da kauci ya kama. Kauci tsuntsaye ne ke kawo irinsa, ya manne a reshe ya kafa saiwa a cikin itacen yana shan ruwansa. Fizge ganyensa aikin banza ne, zai dawo. Sai an yanke reshen a bayan inda ya kumbura. Dattijon ya cire masu kaucin kawai, sauran ya ƙi taɓawa, domin ɗorawa ta riga ta yi tutu ta fara zuba 'ya'ya, kuma kalwar daddawar shekara a nan take. Ɗorawa dukiya ce mai zaman kanta. A ƙasar Hausa ana iya gadonta ko a jinginar da ita daban da gonar da take ciki, saboda haka mai sara na ƙwarai ba ya ɗora gatari sai ya tabbatar wa ke da bishiyar, ba wa ke da gonar kaɗai ba. In kayarwa ce gaba ɗaya, sai mai unguwa ya sani, malamin daji ma ya sani.

A ƙarƙashin gawo muka huta, shi ne kusan kaɗai mai cikakkiyar inuwa a fagen. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, don haka gero na yin kyau a gindinsa, dabbobi kuma na samun ganye da 'ya'ya a lokacin da ciyawa ta ƙare. A nan rigimar take. Makiyayin da yunwa ta kama garkensa yakan hau ya aske shi tas, kuma gawon da aka yi wa haka yakan daɗe bai yi 'ya'ya sosai ba. Dattijon ya ce shi gefe guda yake ɗiba, ya bar kan, baɗi ya ɗebi wancan gefen. Ya bi itatuwan ɗaya-ɗaya yana faɗa mini halinsu a ƙafar mai hawa. Tsamiya tana da riƙo, ko siririn reshenta zai ɗauke ka. Kuka jikinta santsi ne kuma itacenta taushi, shi ya sa ake kafa mata turaku, kuma turken bara ba abin yarda ba ne. Busasshen reshe kowane iri ne ba ya gargaɗi. Ba a hawa bayan ruwa, ba a hawa in iska ta taso, ba a hawa kai kaɗai.

Da ya zo nan sai ya yi shiru, sannan ya ambaci wani abokin aikinsa da ya faɗo daga mangwaro, mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma har yau da sanda yake tafiya. Wannan ya tsaya mini a rai. A Ingila mai irin wannan sana'a sai ya yi horo ya karɓi takarda, yana da ɗamarar da ke rataye shi a igiya, da hular kwano, da wandon da ke tsayar da sarƙar inji in ta taɓa shi. Namu yana da ilimin, ya gaje shi ya ƙara da nasa, amma igiyarsa ta sauke itace ce kawai, ba ta riƙe shi. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan Ɗanbatta. Ina ganin horo na 'yan makonni kan ɗaurin jiki da ƙullin igiya, da taimakon sayen ɗamara, zai tsare ƙashin bayan mutane da yawa, kuma malaman ma za su ƙaru da abin da waɗannan dattawa suka sani.

Ba nan kaɗai ake tunanin rage itace maimakon kayar da shi ba. A Yambawa, nan kusa, akwai layukan turare da hukuma ta dasa don tare iska da rairayi. Manoman gefen suka ga geronsu na kusa da layin ba ya yin kirki. Binciken da aka buga a 1994 ya nuna saiwoyin turaren ne ke shiga gona suna shanye danshi, kuma da aka haƙa rami aka datse su, geron ya farfaɗo. A Maraɗi kuwa, tun wajen 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka yaɗa sassaben zamani: maimakon a share tofon kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a bari, a rage sauran. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar, a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da wuƙa da adda aka yi wannan aiki, da sanin abin da za a cire.

Abin da ke damun dattijon, ni ma yake damuna, shi ne injin yanka. Injin kansa ba shi da laifi, a hannun gwani yana yanka mai tsabta. Amma dillalin itace da ke kai wa gidajen burodi da masu gawayi ba reshe yake so ba. Yakan zo wa manomi a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki, ga auren 'ya, ya saye bishiyar a tsaye. Marken da ya girmi mai gonar, kafin azahar ya zama guntaye a bayan mota. Ba na zargin manomin, na san abin da bazara ke yi wa aljihu. Sai dai wanda ya sayar da reshe zai sake sayarwa bayan 'yan shekaru, wanda ya sayar da gindi kuwa ya gama. Dattijon ya ce sau da yawa yana faɗa wa masu gona haka, ko da yake kayarwa ta fi kawo masa kuɗi a rana ɗaya, kuma wasu suna ji.

Ladansa a gidan Gwaggo kuɗi ne kaɗan da rabin itacen. Yaron ya faskara, aka jera nata a bayan madafa, nasu aka ɗora a amalanke.

Ranar Lahadi kasuwar Ɗanbatta ke ci, muka shigo tare da dattijon. Muka ratsa kara, inda shanu da raguna suka cika fili, muka nufi rumfar maƙera. Ya ɗauki ruwan gatari ɗaya bayan ɗaya yana buga su da ƙusa yana jin ƙararsu, ya ajiye wanda ya ce an ƙona shi da yawa zai yi saurin ɓantarewa. Ƙota kuwa ba ya saye, da kansa yake sassaƙa ta daidai tsawon hannunsa. Na saya masa sabuwar igiya mai kauri wadda ba ƙulli a jikinta, ya bi ta kamu-kamu da yatsa kafin ya karɓa ya sa albarka. Na bar shi yana ciniki da maƙerin na wuce tasha, shi kuma yana sauri ya koma, don Litinin da sassafe akwai mangwaro uku da ke jiransa a wata makarantar firamare, kuma yana so ya gama da wanda ke kan aji kafin yara su iso.