Fitilar jirgi ba ta matuƙi ba ce

A Yawuri muka tashi, bakin Kogin Kwara, kuma a zamaninmu duk wanda zai fita ruwa da dare, aci-bal-bal ko fitilar ƙwai yake ɗaurawa a goshin kwale-kwalensa. Haskenta bai isa ya nuna maka komai a gaba ba. Iyayenmu ma ba don ganin hanya suke kunna ta ba. Hanya a ka take, da taurari, da ƙarar ruwa inda ya karye a jikin dutse. Don wani ya gan su suke kunnawa. Wannan ne abin da na fi shan wuyar fahimtar da yaran da ke tuƙa jiragen inji yanzu.

Yaro zai sayo tocila mai caji, ya yi ta dalla ta hagu da dama, yana ganin ya cika sharaɗi. Alhali ido kan ɗauki kusan rabin sa'a kafin ya gama sabawa da duhu, haske ɗaya mai ƙarfi kuwa ya wargaza wannan sabon nan take. Ka kashe wa mai tunkaro ka ido, ka kashe naka, sannan ba ka gaya masa inda ka dosa ba.

Masu jiragen teku sun daɗe da kashe wannan magana. Dokokin hana karo da hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta amince da su a 1972, suka fara aiki a 1977, sun ce daga faɗuwar rana zuwa fitowarta jirgi mai inji ya nuna ja a hagunsa, kore a damansa, fari a sama, fari kuma a baya. Jan da koren kowanne yana haska digiri 112.5 ne kawai, na bayan 135, in ka haɗa sun kewaye jirgin cif. Hikimar tana cikin wannan rabon. In ka hango ja da kore tare, to gaba da gaba kuke, kowa ya karkata damansa. In ja ne ke gitta maka daga dama, kai ne mai ba da hanya. In fari ne kaɗai, wataƙila bayan wani kake bi, ko yana tsaye, ko ƙaramin jirgi ne, sai ka sassauta. Ba a yi ihu ba, ba a ɗaga hannu ba, amma an yi zance an gama.

Abin da ya fi burge ni, dokar ba ta manta da talaka ba. Jirgin inji da bai kai mita 7 ba, wanda kuma ba ya gudu sosai, farar fitila ɗaya da ake gani ta ko'ina ta ishe shi. Mai filafili kuwa, ya riƙe tocila ko fitila kusa da hannu, ya nuna ta da wuri kafin a zo kansa. Ashe tsofaffinmu da fitilar ƙwansu suna kan ƙa'ida, ba su taɓa jin labarinta ba.

Amma kada a ɗora wa fitila abin da ba ta iyawa. Tun da aka datse ruwa a Kainji a 1968, tsohuwar Bussa da dazuzzuka suka koma ƙarƙashin tafki, kututturan itatuwa suna nan tsaye kamar mashi, ruwa ya ja su leƙo, ya ƙaru su ɓuya. Ba ja ba kore da zai nuna maka su. A watan Yunin 2023, 'yan biki fiye da 100 suka rasu a haɗarin jirgin ruwa a yankin Patigi suna komawa gida cikin tsakar dare. A Oktoban 2024, jirgin 'yan Maulidi ya kife kusa da Gbajibo ta ƙasar Mokwa, shi ma da dare. Allah Ya jiƙansu. Shi ya sa ba na cikin masu ƙorafi in hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta nanata hana jigilar fasinja da dare. Ɗan kasuwa ya kwana a tasha, gari ya waye a ƙetara da shi. Ba abin da zai ragu a jikinsa sai haƙuri.

Masunci ne ba shi da wannan zaɓin, don kifinsa na dare ne. Su kuwa 'yan'uwana Sarkawa suna da nasu halin: wani ya kashe fitila don tattalin batir, wani don kada maƙwabci ya gane inda ya zuba kalli, sai ya kishingiɗa a tsakiyar hanyar jirage barci ya ɗauke shi. Mai inji da ke tafe cikin hazon hunturu ba zai ji minsharinsa ba, ƙarar injinsa ta cika masa kunne.

Yanzu fitilar sola ta cika kasuwa, kuɗinta bai kai kamun kwana ɗaya mai kyau ba. In ka saya, ɗana, kada ka ajiye ta a cikin jirgi tsakanin ƙafafunka. Samo gora mai tsawo ka ɗaure ta sama da kanka da kayan da ka loda, yadda na gabas da na yamma duk za su hango ta, ka kuma shanya ta a rana tun da hantsi.