Dattijon da Ya Ƙi Yi wa Daji Ƙwal-ƙwal

Leo Drey ya rasu a 2015 yana da shekara 98, kuma fiye da sittin daga cikinsu ya ƙarar da su ne wajen nuna wa masana harkar katako cewa ana iya cin moriyar daji ba sai an aske shi ba. Ɗan birnin Sant Luwis ne a jihar Mizuri ta Amurka, ma'aikacin wani kamfanin takalma. Yawon kwalekwale a kogunan tsaunukan Ozak ne ya sa dajin ya kwanta masa a rai, har ya fara sayen fili a 1951.

Dajin nan na itatuwan ok ne da hikori, irin wanda ya mamaye tuddai da kwaruruka masu yawa na gabashin Amurka da tsakiyarta. Kowane gangare da nasa mazauna. Wanda ke fuskantar kudu rana na gasa shi, ƙasarsa tsakuwa ce, sai baƙin ok da fain ke jurewa. A gangaren arewa da cikin kwari, inda laima ke daɗewa, farin ok ke miƙewa sambal. Hikori kuwa itace ne mai taurin kai, da shi ake ƙotar gatari, da hayaƙinsa ake ƙyafe nama. Idan kaka ta yi, ƙwallayen ok masu 'yar hula a ka sukan zube birjik, barewa da talotalon daji da kurege su yi ƙiba. Wata shekarar a samu da yawa, wata a tashi kusan hannu rabbana, kuma yawan dabbobin kan bi wannan hawa da sauka.

Sai dai abin da Drey ya tarar kufai ne. Daga wajen 1880 zuwa 1920 kamfanoni sun kwashe manyan itatuwan Ozak don gini da shimfiɗa layin dogo, suka bar kututture da gobara. Shi ya sa filin ya yi araha. A 1954 ya ji labarin cewa kamfanin National Distillers, wanda ke sarar farin ok don yin gangunan barasa, zai sare abin da ya rage ya sayar da ƙasarsa. Ya saye kusan eka 90,000 a tashi ɗaya, ya riƙe ma'aikatan dajin, ya ci gaba da kiran wurin Pioneer Forest.

Babban darasin da ya yi ta maimaitawa har tsufansa shi ne a cire mafi muni, a bar mafi kyau. Ma'aikatansa kan zaga da fenti, itace bayan itace, su shafa wa karkatacce da mai kogo da wanda ya danne na kusa da shi, su tsallake miƙaƙƙe mai lafiya, ba za su dawo wannan yanki ba sai bayan kamar shekara ashirin. Makiyayi mai hankali haka yake yi: ramammiya yake kaiwa kasuwa, ba uwar garke ba. Mai neman kuɗin yau akasin haka yake yi, shi ya sa dajinsa ke lalacewa sara bayan sara.

Masana da yawa ba su yarda da shi ba, kuma suna da hujja. Ɗan tsiron ok mai son haske ne. Yakan yi shekaru yana zurfafa saiwa, samansa bai wuce gwiwa ba, yana jiran wani babba ya faɗi rana ta shigo. Daga shekarun 1960 ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne sai an share fili gaba ɗaya ok zai sake tashi. Drey bai tsaya cacar baki ba, awo ya riƙe. Tun 1952 ake komawa wasu keɓaɓɓun wurare a dajin duk bayan shekara biyar, a auna kaurin kowane itace a rubuta. Alƙaluman sun nuna katakon da ke tsaye yana ƙaruwa duk da saran da ake yi, farin ok kuma yana maye gurbin kansa. Gaskiya, busasshiyar ƙasar Ozak ta taimaka masa, don ba ta barin inuwa ta yi duhu sosai. A kwaruruka masu laima can gabas, itacen mefil mai jure inuwa yana ƙwace wa ok wuri, musamman tun da aka hana wutar da 'yan asalin ƙasar suka saba sakawa don buɗe daji.

Ya san ba zai ga ƙarshen aikinsa ba, domin farin ok kan haura shekara 300. Har saƙon da ke amsa wayar ofishinsa cewa yake ya fita dashen daji, zai yi ƙoƙarin kiran ka kafin itatuwan su girma. A 2004 shi da matarsa Kay suka miƙa eka 146,000 kyauta ga gidauniyar L-A-D, dukiyar da aka yi wa kuɗi dala miliyan 180, don kada magada ko 'yan kasuwa su yanyanka ta. Gidauniyar na ci gaba da sara yadda ya tsara, tana sayar da katako tana biyan ma'aikata, kuma a wasu sassa na fain ta dawo da saka wuta da gangan, a lokacin da aka zaɓa, ƙarƙashin kulawa.