Neman intanet ɗin da zai riƙe aji: daga littafin wata malama a Kano

Litinin

Yau aji ya sake yankewa ana tsaka da karatu. Sana'ata koyar da Hausa da karatun Alƙur'ani ga 'ya'yan 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka, ta Zoom, daga ɗakina. Hotona ya ƙame, muryata ta riƙa zuwa musu guntu-guntu, har uwar yaran ta turo saƙo: "Malama, ko mu ɗaga zuwa wani lokacin?" Cikin mutunci ta faɗa, amma kuɗinta take biya na awa, kuma malamai ba su ƙare ba. Wayar hannuna nake jonawa da kwamfuta tun da na fara, kuma ta kai iyakarta. Na gaya wa baban yara cewa makon nan ba ni da aikin da ya wuce neman intanet na gida. Ya ce in nemo, shi nasa lissafi ne.

Talata

Ƙanena ya raka ni Farm Centre. Rauta iri-iri a cikin kwalaye, kowane mai shago da tasa waƙar. "Hajiya, wannan 5G ce, ko ƙyaftawa ba ta yi." Wani ya ce tasa "anlimited" ce, in sha har in gaji. Da na matsa masa da tambaya sai ya yarda cewa akwai iyakar da idan an kai za a rage gudu har ƙarshen wata. Sharaɗin yana rubuce, sai dai da ƙananan haruffa, kuma wanda ke sayarwa ba zai fara da shi ba. Ga mai kallon fim, raguwar gudu haƙuri ne kawai. Ga mai aji, asarar kuɗin mako ce.

Batun 5G ma haka. MTN ta fara shi a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo a 2023, amma zangonsa gajere ne, bango kuma yana cin ƙarfinsa. Ana iya samunsa a bakin titi a rasa shi a lungu na uku. Rautar da ba ta ga 5G ba komawa 4G take yi, ka biya kuɗin doki ka hau abin da kake hawa tun da.

Wani dattijo mai gyaran waya ne ya ba ni shawarar da na ɗauka. Ya ce, "'Yata, kar ki sayi komai yau. Ari ki gwada a ɗakin da kike aikin, a lokacin da kike aikin." Muka dawo da layuka sababbi na kamfanoni daban-daban, an yi musu rajista da lambar NIN, ƙanena kuma ya aro mini rautar abokinsa mai karɓar kowane layi.

Laraba

Gwaji tun safe. Da hantsi duk layukan lafiya lau, har na fara tunanin ko matsalar kwamfutata ce. Bayan Magariba labari ya canja. Layin da ya fi kowanne gudu da safe shi ya fara durƙushewa, wani kuwa da na raina ya tsaya a inda yake, bai yi sama sosai ba, bai kuma faɗi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfen sabis ɗaya unguwa take rabawa, kamar famfon bakin layi: wanda ya zo da hantsi ya cika jarkarsa nan da nan, wanda ya zo lokacin da kowa ya fito da bokiti ya samu ɗigo. Da daddare kowa ya dawo gida, matasa suna TikTok, wasu suna kallon ƙwallo, mata suna kiran 'yan'uwa a WhatsApp. Ni kuwa a daidai wannan lokacin nake buɗe aji, domin a watannin nan agogon Ingila ɗaya yake da namu, yara sai sun dawo daga makaranta sun ci abinci, gabashin Amurka kuma muna gabansu da awa 5. Saboda haka gudun safe, duk kyansa, ba ni da abin yi da shi.

Ƙanena ya nuna mini abin da ya fi wannan muhimmanci. Manhajar gwaji lambobi uku take bayarwa, talla kuwa ɗaya kawai take ambata, wato gudun saukewa. Ta biyu gudun ɗorawa ce, ita ce ke ɗaukar hotona da muryata ta kai wa yara. Ta uku jinkirin da saƙo yake yi kafin ya je ya dawo. Zoom ba ya neman abu mai yawa, mega 3 zuwa 4 a kowane ɓangare sun isa a ga fuska tangaran. Abin da ba ya jurewa shi ne hawa da sauka. Ni da nake gyara wa yaro bambancin "k" da "ƙ", ko tsawon madda, idan murya ta makara ko harafi ɗaya ya ɓace a hanya, gyaran ya lalace, domin ban ji abin da ya furta ba, shi ma bai ji nawa ba. Layi mai mega 5 da zai zauna a 5 har a shafa fatiha ya fi mini mai 50 da ke faɗuwa warwas duk bayan 'yan mintuna.

Wurin ajiye rauta ma yana da tasiri. A kan tebur tsakiyar ɗaki sabis sanda biyu, a kan taga mai kallon ƙarfen sabis ya cika.

Alhamis

Na tambayi masu jan wayar faiba. Ita ce ta fi kowace hanya tsayuwa, domin waya ce har cikin gida, ba ruwanta da cunkoson iska. Ba ta iso layinmu ba. Maƙwabciyar yayata da ke da ita ta ce tana jin daɗinta, sai ranar da masu aikin titi ko magudanar ruwa suka sare ta. Wannan ciwon ƙasa ne gaba ɗaya, shi ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya. Na bar musu adireshi, in sun iso su neme ni.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci muka je gidan kawuna, wanda ya kafa Starlink a rufin ɗakinsa. A watan Janairun 2023 Starlink ya shigo Najeriya, mu ne ƙasar farko a Afirka. Taurarinsa suna yawo a nisan kilomita wajen 550 daga ƙasa, saɓanin tsofaffin taurarin sadarwa da ke can kusan kilomita 36,000, shi ya sa jinkirinsa kaɗan ne har ana iya hira fuska da fuska. Na kira wata ɗalibata daga falonsa, na ji numfashinta tsakanin aya da aya. Gaskiya raina ya biya.

Kawu bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Kuɗin kwanon daban, na wata daban, sannan ga cin wuta." Kwanon yana jan wutar da ta ninka ta ƙaramar rauta sau da yawa, kuma yana son sarari buɗe, ba bishiya ba bene a gabansa. Ruwan sama mai ƙarfi yakan raunana duk abin da ke zuwa daga tauraro, mu kuma muna tsakiyar damina. Shi yana da sola da inbata, kuma shagunansa biyu na gefen gida suna raba kuɗin da shi. Ga wanda yake ƙauyen da babu ƙarfen sabis, ko masu haɗa kuɗi, ban ga abin da ya kai shi ba. Ga malama ɗaya da ɗalibanta, kuɗin ya fi ƙarfin ajin a yanzu.

Asabar

An ɗauke wuta tun asuba, sai ya zama ranar tunanin wuta. Kwamfuta tana da batirinta, rauta ba ta da shi, tana mutuwa tare da ƙwan ɗaki. Ƙanena ya kawo ƙaramin batiri na musamman da ake sawa tsakanin rauta da soket, yana riƙe ta awanni, ko yankewa ba ta yi idan wuta ta tafi. Cikin duk abin da na gani a makon nan shi ne mafi arha, kuma ina ganin shi zai fi ceton aji.

Da yamma muka zauna lissafi da baban yara. Awa ɗaya ta bidiyo tana cin kusan giga ɗaya, wani lokacin fiye. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba a sayen data da ka. Ya ce sharaɗinsa ɗaya: lambar sirrin rautar aiki ba za ta shiga wayar yara ba. Na yarda, domin na san inda datar gidan nan take tafiya.

Lahadi

Ba aji yau. Na tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Bankuna suka tsaya, masu POS suka zauna, amma ba kowane layi ne ya mutu daidai da ɗan'uwansa ba, domin hanyoyinsu na fita ƙasar ba ɗaya ba ne. Mai cin abinci da intanet dole ya riƙe layi biyu.

Sai dai akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Yawancin ƙarafan sabis ba na kamfanonin waya ba ne, na kamfanoni irin su IHS ne da ke ba su haya, sau da yawa kuma layuka biyu ko uku suna kan ƙarfe guda. Idan man janaretan wannan ƙarfen ya ƙare, tare za su tafi. Na aiki ƙanena ya tambayi maigadin ƙarfen da ke bayan layinmu, ya dawo da amsa: biyu daga cikin layukan da na gwada suna kansa. Na ukun daga wani ƙarfen yake zuwa, can wajen titi.

Litinin

Na yanke shawara. Babban layi shi ne wanda bai burge ni da safe ba amma ya tsaya da daddare, a rauta mai 4G a kan taga, da batirinta. Na ko-ta-kwana shi ne mai zuwa daga ƙarfen bakin titi, yana cikin wayata da 'yar data, in babban ya yi gardama in juya cikin minti ɗaya. Na rubuta lambar 622 ta NCC a bangon littafin nan, ita ake kira idan an kai ƙorafi ga kamfani bai yi komai ba, kuma za su nemi lambar ƙorafin da kamfanin ya bayar, don haka a riƙa ajiye ta.

Mai shagon ya so in biya na wata uku saboda ragi. Na ƙi. Ƙarfen da yake da sarari yau yana iya cika idan sababbin gidajen bayanmu suka tare. Na wata ɗaya na biya, kuma ba zan sabunta ba sai na sake gwada layukan duka bayan Magariba a ƙarshen watan.