Kafin ka ba ɗan jari bola askar kakanka

Jama'a, a wannan tsadar rayuwa kowa ya koma gyara, daga takalmi har wayar hannu. To ga wani abu da nake ganin ana zubarwa a banza: tsohuwar aska mai naɗewa, irin wadda aka ƙera a Sheffield ta Ingila ko Solingen ta Jamus. Tun da Gillette ya fara sayar da reza a 1903 kasuwarta ta yi ta ja baya, amma ƙarfenta har gobe yana ɗaukar kaifi. Mariƙin ne ke fara gajiya.

Ni na gaji guda, mai mariƙin ƙaho, kuma hunturu ya busar da shi har ya karkace. Wani zai ce ai muni ne kawai. Ba haka ba ne. Mariƙin nan fale biyu ne, aska na kwanciya a tsakaninsu. In ɗaya ya bauɗe, duk rufewa sai bakin ya goga a jikinsa ya yi giɓi, kuma fatarka ce za ta biya bashin.

Abu na farko, ka san da me aka yi shi. Goga shi a tsumma har ya yi ɗumi, ka sunsuna. Ƙaho kan yi ƙauri kamar na gashi. In ka ji kafur, to seluloyid ne, wata robar zamanin da. Don Allah kar ka kai ta kusa da wuta ko garwashi, nan take take kamawa.

Ga yadda na yi da nawa. Na goge kawunan ƙusoshin da magagari, na raba ƙarfen da mariƙin. Na jiƙa ƙahon a mai kwana biyu ya sha, don busasshe tsagewa yake. Sannan na tsoma shi a ruwan zafi har ya yi laushi, na matse shi tsakanin katako biyu masu santsi, na ɗora dutse na bar shi mako guda. Da na buɗe ya ɗan koma gidan jiya, sai na maimaita. Ƙaho haka yake, sai da lallashi. Ƙashi da hauren giwa kuwa ba sa jin wannan magani, in ka matsa musu sai su karye.

Seluloyid ruwa mai ɗumi ya ishe ta. Amma in ka ga tsatsa ta bi daidai inda ƙarfen ke kwanciya a cikin mariƙin, robar ce ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe. Wannan ba ta da gyara. Cire ta, ka nisanta ta da sauran ƙarafa, kafinta ya yanka maka sabo.

Me ya sa na damu? Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, kuma askar da ta zaga kawuna da yawa hanya ce. Wanzamai da dama sun koma sabuwar reza ga kowane kai, Allah ya saka musu. Amma in kana da taka ta kanka, kai kaɗai, ka huta da fargaba, ka huta da sayen reza kullum.

Ku duba akwatunan tsofaffi. Wanda ya samu guda ya turo hoto mu gani, gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.